Fitilar Shamuwa a Birnin Lumshi

Da sunan Wanda Ya rataye rana ba da igiya ba, Ya shimfiɗa ƙasashen da muka taka da waɗanda ko sunansu bai zo kunnenmu ba. Ku matso, jikokina, ku da duk wanda wannan magana ta iske.

Wadda ta fara ba ni labarin Birnin Lumshi Goshi ce, wata mai kitso da ke bin ayari gari-gari da kibiyarta da matajinta. Kaina na kan cinyarta ta faɗa mini, shi ya sa ban samu damar tashi na bar wurin ba.

Ta ce bayan duwatsun yamma akwai wani birni a gindin kwari, hadari ya rufe samansa tun zamanin kakanni, bai yaye ba, bai kuma cika zubar da ruwa ba. A tsakiyar birnin akwai hasumiya, a kanta fitila mai girman rumbu, da madubin tagulla a bayanta. Idan wata masifa ta sami mutum sai ya hau ya kunna. Haske ya miƙe kamar ginshiƙi ya bugi cikin hadarin, a tsakiyarsa inuwar shamuwa ta buɗe fukafukai. Kafin mai kira ya sauko, wani mutum ya diro daga saman soraye cikin baƙar riga mai farin ƙirji, ya kashe gobara, ko ya kama ɓarawo, ko ya ciro wanda gini ya danne. Shamuwa suke ce masa. Al'adarsu kuwa, idan ya zo kowa juya baya yake yi, ba a kallonsa.

Goshi ba 'yar garin ba ce, kuma Allah Ya yi ta da son gani. Ta juya bayan kamar kowa, amma ta ɗaga ɗan madubinta. Ta ce ta ga zanen kumatu irin na gidan mijina, da kunnen hagu mai tsaga. Daga nan ta ci gaba da kitsonta.

Tsagar nan na san ta. Ƙaho ne na saniyar maƙwabta, tun yana rarrafe.

Ubanku nake nufi. Sunansa ba za ku ji shi a bakina ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon tsakar idonsa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Gwaggona ce ta ɗauke shi bayan yaye, ni kuwa Yaya yake ce mini. Ya bi fatake neman abin kansa ya bar ku ƙanana, fataken suka dawo ba shi. Uwarku Ladingo ta ce ita za ta je. Na ce mata mai goyo ba ta hawan dutse, ta zauna. Na ɗaure garin dawa da kuka da daddawa a zane, na kifa ƙaramar tukunya a kai, na soke muciya a gefe, na fita.

Wurin farko da ya gwada ni wata fadama ce mai gamba, tsawonta ya shanye mahayin raƙumi. Ciyawar nan magana take yi, kuma da muryar mutanen gidanka. Wanda ya waiwaya ya bi muryar, laka ce ke karɓarsa. Ina shiga na ji Delu tana kira, “Kaka, dawo, Kaka, dawo,” da ɗan kukan nan nata na shagwaɓa. Ƙafata ta tsaya da kanta. Na saurara, na ji kiran dai ake ta yi, ba a haɗa da komai ba. Ke kuwa Delu, tunda kika iya magana ba ki taɓa kirana sau biyu ba ki roƙi ƙuli-ƙuli ko ƙanzo a na uku ba. Na ce wa ciyawar ta je ta koyo halin jikata tukuna. Na toshe kunne da gefen ɗankwali na wuce. Sai dai har na fita daga fadamar nan ban ji ta yi muryar ubanku ba, wannan kuwa ya fi kiran nan tayar mini da hankali.

Daga nan sai mashigin duwatsu, inda iska ke ɗaukar mutum kamar buhun da babu komai a ciki. A gindin dutsen akwai wasu tsofaffin mata, sana'arsu ke nan ɗinka wa matafiya tsakuwa a bakin riga. Suka ɗaga kayana suka ajiye, suka ce ni ba na bukata. Na hau ina dafa dutse, ina tsayawa gwiwoyina suna zagina.

A can sama na ga abin da har yau nake gani idan na rufe ido. Na zaci tsumma ne iska ta kwaso. Da ya matso na ga mutum ne, tsoho, rigarsa ta koɗe ta zama ruwan toka, guntun igiya na reto a idon sawunsa. Iska na juya shi a hankali. Ya wuce ta samana, kusa har na ga tafin ƙafarsa, fari sol, ba kaushi ko kaɗan. Na yi masa sallama. Ya amsa, muryarsa siririya, ya tambaye ni ko an kunna. Na miƙa masa muciya ya kama, hannunsa bai kai ba. Iskar ta yi arewa da shi, yana ta waiwayen kwarin.

Na sauka Birnin Lumshi ban san ko hantsi ne ko la'asar ba, don can kullum kamar gab da magariba ne. A kasuwa kowace rumfa da aci-balbal. Mutanen masu ladabi ne, ban ɓoye muku ba. Sun ba ni ruwa, sun ba ni wurin zama, har wata ta karɓi kayana ta ajiye. Ina shan ruwan ne sama ta yi haske. Na ɗaga kai na ga tsuntsuwar kwance a cikin hadari, fukafukanta sun rufe rabin gari. Kasuwa ta yi tsit. Kowa ya juya ya fuskanci bango, matar da ta ba ni ruwa ta kama kafaɗuna ta juya ni da ƙarfi. Na kasa kunne ko zan ji takunsa, don na san takunsa, yana jan ƙafar dama kaɗan. Ban ji taku ba. Kaɗawar riga kawai na ji, sai ƙarar tulu ya fashe, sai kukan akuya.

Da muka juyo ya tafi. Na tambayi abin da ya faru, aka ce akuyar wani ce ta cusa kai a tulu ya maƙale. Na ce, garin nan babu mai dutse a hannu ne? Suka yi dariya, suka ce ai baƙuwa ce.

Na nemi hasumiyar. Ƙofarta ba ta da ƙyaure, ba a taɓa yi mata ba. Bayanta akwai wani fili da aka kewaye, na leƙa ina zaton bargar dawakai ce, don na ga turaku a jere. Ba dawakai ba ne. A kowane turke igiya ce ta miƙe sama, a ƙarshen kowace igiya mutum, ɗaure ta idon sawu, yana lilo sama da tsawon katanga. Wasu idonsu biyu, wasu kamar barci. Duk fuskokinsu na kallon kan hasumiya. Turke ɗaya igiyarsa ta tsinke. Kusa da shi akwai wani sabo fil da aka kafa, ko igiya ba a sa masa ba.

Mai kula da fitilar wani dattijo ne, Barmo, hannuwansa duk baƙin hayaƙi. Shi ne ya iske ni tsaye a wurin. Bai kore ni ba. Ya ce waɗannan su ne Shamuwoyin da, garin yana girmama su, shi ya sa ake ɗaure su kada su ɓace. Ya ce duk kiran da Shamuwa ya amsa, hasken nan yana ɗan rage masa nauyi. Da farko abin daɗi ne, mutum ya tsallake gida da taku ɗaya. A hankali sai ƙasa ta daina riƙe shi. Ran da aka kunna ya zo ya kasa sauka, ranar ake neman wani.

Na tambaye shi ɗan wa ake ba rigar Shamuwa. Ya ce ba a ba ɗan gari, karramawa ce ta baƙi. Na yanzu ma baƙo ne. Wata gobara aka yi, tsohon Shamuwa ya zo yana ta miƙa hannu daga sama bai iya taɓa komai ba, sai wani bafatake ya yar da kayansa ya faɗa cikin wutar ya fito da tsohuwa a kafaɗa. Kafin ya gama tari an sa masa rigar.

Na tambaye shi wa ke ba baƙon nan abinci. Barmo ya dube ni kamar na tambayi wa ke yi wa wata wanka. Ya ce Shamuwa ba ya ci, kowa ya san haka, ba wanda ya taɓa ganin yana ci.

Na ce, “Ta ƙeya za ku gani?”

Na nuna sabon turken na ce na wane ne. Sai ya shiga goge hannunsa a riga.

Na ce ya ara mini murhu da itace. Na hau matakalar nan da tukunya a kai, ina hawa ina hutawa, Barmo na biye da ni da tulun ruwa yana cewa ba a taɓa girki a can ba. A gefen fitilar na haɗa wuta. Na tuƙa tuwon dawa mai tauri, irin wanda ake ci a je noma har yamma ba a waiwayi gida ba. Na kaɗa miyar kuka, na sa daddawa ban yi rowa ba. Da na kwashe sai na ce ya nuna mini yadda ake kunnawa. Ya ce sai da dalili. Na ce mai akuya da wane dalili ya zo? Ya miƙo mini bakin wuta.

Lagwanin ya kai kaurin cinyata. Yana kamawa madubin ya ɗauka, zafi ya bugi fuskata, haske ya tafi sama. A ƙasa na ji igiyoyin nan sun ɗauki ƙara gaba ɗaya, kowanne yana ja yana son zuwa. Barmo ya juya ya fuskanci bango.

Ni ban juya ba. Amma ban ɗaga ido ba kuma, don ba a haife ni da kallon fuskar ɗan fari ba. Ƙasa na kalla, kamar yadda na saba a gabansa. Shi ya sa na ga abin da duk garin ba wanda ya gani. Ƙafafunsa suka sauko a hankali suka tsaya, amma ba su taɓa daɓe ba. Tsakaninsu da ƙasa za ka iya zura tafin hannu. Ƙaurinsa ya zama kamar kara.

Ya ce, “Ina abin yake?” Haka yake tambaya ko'ina, ashe, ba sallama.

Na ce, “Ga shi nan a akushi. Zauna.”

Can ya ce, “Yaya?”

Na ce, “Ni ce. Zauna, zai huce.”

Ya yi ƙoƙarin zama ya kasa, yana durƙusawa jikinsa na tasowa. Na kama bakin rigar na jawo shi ƙasa, bai fi nauyin zanen da aka shanya ba. Na janyo tulun Barmo na danne gefen rigar da shi. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Lomar farko ta tsaya masa a wuya, ya daɗe yana kokawa da ita. Ta biyu ta wuce. Daga nan ya ci kamar wanda ake kora, ni kuwa na kashe fitilar na zauna nesa kaɗan ina kallon bango, ina jin ƙarar haɗiyarsa. Ban taɓa jin abin da ya fi wannan daɗi a kunnena ba.

Ya tambayi uwarku, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Sunan autarku ya ɓace masa, sai da na tuna masa, ya maimaita shi a hankali. Na ce masa ya tuɓe rigar mutane mu tafi gida. Ya ce ya gwada. Ya taɓa kaiwa har gindin duwatsu, aka kunna, ƙafafunsa suka juyo da shi ba da shawararsa ba. Ya ce ko da zai iya, yana tuɓewa wani baƙon za su sa wa, shi ma da uwarsa a wani gari. Ya ce kuma ba duka ne akuya ba. A cikin kira da yawa akan sami ɗaya na gaske, kuma daga sama ba a bambancewa.

Da ya suɗe akushin na saci kallon ƙafarsa. Babban yatsansa ya taɓa ƙasa. Ya bar ɗan tabo a tokar murhuna, kamar inda kaza ta taka. Na nuna wa Barmo, wanda har lokacin bango yake kallo. Na ce ya juyo ya gani, ba zai makance ba. Ya juyo rabi, ya ga tabon, ya ga ƙafar, sannan a hankali ya ɗaga kai ya ga fuskar. Ya ce ashe yaro ne.

Ba mu gama ba sai ga wani mai tumbi ya hawo yana haki. Ko kallonmu bai yi ba, ya ɗauki bakin wuta daga murhuna ya kunna, ya juya baya. Ragonsa ne ya hau soro ya ƙi saukowa. Ubanku ya zame rigarsa daga ƙarƙashin tulun ya tafi. Barmo ya kashe fitilar. Da ubanku ya dawo ɗaukar ruwan da bai sha ba, na duba. Yatsan ya bar ƙasa.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na ciro ɗaya daga duwatsun murhu, da zafinsa da komai, na nufi madubin tagullar nan. Na ce in babu fitila babu kira. Barmo yana tsaye, bai tare ni ba, sai ma ya matsa gefe. Na ɗaga dutsen da hannu biyu.

Sai na ji ana hawowa da gudu, ana faɗuwa ana tashi. Wata yarinya ce, ba ta kai uwarku shekaru ba, ba ɗankwali, gwiwarta na jini. Ba ta iya magana sosai ba. Katanga ta faɗo, ɗanta na ƙarƙashi, tana jin kukansa, kuma kukan yana raguwa. Ta ɗauki bakin wuta a gaggauce, ya faɗi ya mutu. Ta ɗauki wani, shi ma ya faɗi.

Na dubi ƙafafun ubanku. Ba ya ko motsi, don ba a kunna ba, kuma bai san unguwar ba sai hasken ya nuna masa. Ya ce, “Yaya.”

Na ajiye dutsen. Ni na riƙe hannun yarinyar muka kai wutar bakin lagwani.

An ciro yaron da rai, ƙafarsa ce kawai ta karye. Ubanku ya dawo rigarsa duk ƙasa. Yanzu tsakaninsa da daɓe ya fi yadda na same shi. Na ɗumama sauran tuwon na ba shi, na ɗaura bakin rigarsa a ƙafar fitilar don ya samu ya runtsa. Ya yi barci yana lilo kaɗan-kaɗan, kamar jariri a zane. Sai da na tabbata ya yi nisa sannan na kalli fuskarsa. Na daɗe ina kallo. Ya yi furfura a gefen kunnen nan mai tsaga.

Washegari da zakaru suka yi cara, don can da su ake gane safiya, na sauko da kayana. Na fara zuwa filin turaku na tumɓuke sabon turken, na faskara shi, na haɗa wuta da shi. Na dama kunu tukunya guda. Na jawo igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya ina ba su da ludayi. Wasu sun sha, wasu sun manta yadda ake yi, ya zubo ta gefen baki, na goge musu. Sannan na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar hasumiya, daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan, na miƙe ƙafafuna, na ajiye muciya a cinya, na ɗora tukunyar tuwo.

Wanda ya fara zuwa wani magidanci ne da hula mai kyau. Ya yi sallama, ya ce in ɗan janye ƙafa zai hau. Na tambaye shi me ya faru. Ya ce ba a tambaya. Na ce ni ina tambaya. Ya ce gugarsa ce ta faɗa rijiya.

Na ce, “Akwai mutum a cikin gugar?”

Ya ce babu.

Na ce, “Maƙwabcinka yana da ƙugiya. Je ka ara.”

Ya dubi Barmo, Barmo ya dubi hannuwansa. Mutumin ya ce shi bai taɓa shiga gidan maƙwabcinsa ba, bai ma san sunansa ba. Na ce ya yi sallama, za a faɗa masa. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙafafuna, ni kuwa ban janye ba. Daga baya ya juya ya tafi yana gunaguni.

A bayana igiyoyi na ta ƙara a hankali. Na ɗaga kai na dubi hadarin, babu komai a jikinsa. Na ƙara gari a tukunya na ci gaba da tuƙi.